Ƙaramin Yatsan Kang Oding

Bandung, 3 ga Maris, 1996

Kang Oding,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ni da duk masu shaƙar tururin gidan awararmu. Ina fata sauron Kalimantan ya rage maka jinin da za ka karanta takardar nan da shi. Mu nan lafiya lau. Kakarka Nini Ijoh gwiwa ce ke damunta, amma bakin yana nan garau, jiya ma ta wanke ni tas a kan na yanke gashina. Mang Karna ya yi mura ya warke. Har yanzu shi ne mai gidan awara, ni kuma har yanzu 'yar ƙanwarsa mai fasa masa durom.

Yanzu ka zauna. Masu shirya wasan ranar Lahadi a zauren motsa jiki sun ba ƙungiyar kiɗanmu, Tsatsa, minti ashirin. Mu! Lahadi ta biyu a watan Oktoba, da rana tsaka, daidai hutunka. Wani dogo mai gashi kamar tsintsiya ne ya zo har bayan gida, ya tarar ina tace waken suya. Ya ce ya ji kaset ɗinmu a wajen wani, wanda shi ma a wajen wani ya kwafa. Ya kira ni Teh, wato yaya, ya ce, "Wannan kiɗa ne ko faɗa ake a garejin makanikai?" Na ce duka biyun. Ya ce ku nawa ne, na ce biyu, ganga da jita. Ya ce sauran fa, na ce babu sauran. Ya ce mai jitar mijinki ne? Na ce a kai kasuwa, kakata da kakarsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na san shi da yawa.

Suna son sunayen da za su hau fosta kafin ƙarshen Satumba. In babu mai jita babu Tsatsa, wasu za su ba. Ka amsa mini kai tsaye: in rubuta sunanka?

Ga kaset na shida a kwalin sabulu. Sabuwar waƙa ce, na sa mata Ruwan Tsami. Bayan la'asar na buga ta, an kashe wuta amma tururi bai gama fita ba, a kan durom ɗin jiƙa wake da faifan ƙarfen nan da ya tsage. Ka yi yadda muka saba. Ka kunna nawa a rikoda ɗaya, ka bi shi da jita, ɗayar ta ɗauke mu tare, ka aiko. Kada ka gyara komai, har wurin da sanda ta kuɓuce mini.

Ina bugawa ina tuna tsohon nan baƙar fata na Amurka, na kaset ɗin da ba suna a jikinsa, mai jan wuyan kwalba a kan tsirkiya. Na san abin da za ka ce, kiɗan malalata. Amma kai ne na ƙarshe da ya kamata ya zagi kwalba. Har yau in an zuba kecap, baƙin romon waken suyan nan mai zaƙi, a kan shinkafa a gidan nan sai wani ya tuna bikin yayata Teh Nining, ranar da ƙato kamarka ya zura ƙaramin yatsa a kwalba don lasar ɗigon ƙarshe. Da hannun hagu kuma, a gaban surukai! Yatsa ya ƙi fita sai da Nini ta zo da man kwakwa.

Ka ci abinci, ka yi salla, ka amsa.

Mai gangarka,
Imas


Sansanin katako, kogin Barito, 27 ga Maris

Neng Imas,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso a kwalekwalen gishiri da kananzir, tana ƙamshin awara, har abokan ɗakina suka ce in ba su su shinshina. Lafiyata ƙalau, zazzaɓi ya taɓa ni kwana uku ya wuce. Ki shafa wa Nini man zafi a gwiwa, ki ce ni na aiko hannun. Ki ce wa Mang Karna ban ci awarar da ta kai tasa ba, ko ya bar miki durom.

Ki rubuta sunana, da manyan baƙaƙe. Na karanta wurin sau huɗu, sannan na fita bakin kogi na kurma ihu, birai suka amsa daga ƙetare.

Ranar Juma'a ba ma kunna zarto sai an sauko daga masallaci. To da sassafe na kwashi rikoda biyu da jita da lasifikar nan da muka tsaga cikinta da reza, na jona ta da batirin tirakta a kan gadar katakon da jirage ke tsayawa. Hazo ya rufe kogi, ƙafata ma da ƙyar nake gani. Na kunna ki. Neng, wallahi sai na ga tururin gidanku ne ya biyo ni, kina can cikinsa kina dukan durom, in na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarki. Gumagumai suna wucewa a kan ruwa a hankali, ɗaure da juna, mutum ɗaya tsaye a kansu ba ya motsi. Na danna wuri ɗaya a wuyan jita na ƙi saki har minti shida. Ban san lokacin da na fara waƙa ba, kalmomin ma ban san daga ina suka zo ba. Za ki ji su.

Tsakiyar ce ta gagare ni, inda sandarki ta kuɓuce. Akwai rami a wurin, ban samo abin da zan zuba masa ba, kuma yana bina ko'ina. Ina cin abinci yatsuna suna nemansa a gefen kwano. Ki sake bugo mini waƙar, ki tsawaita ramin.

Abinci kada ki damu. Mai dafa mana tana ajiye mini kan kifi a gefe, wai na rame. Ita kaɗai ce a sansanin nan ba ta toshe kunne in na kunna lasifika.

Maganar kwalba kuma, Allah ya ba ni yatsu biyar a hagu. Malamai sun doke su, Nini ta ɗaure su da ƙyalle don in koma dama, suka ƙi. Da su nake rubutu, da su nake danna tsirkiya. Ba zan ajiye huɗu in sa wa ɗaya hular gilashi ba. Na bikin Nining kuwa, kecap ɗin ya cancanci haka.

Ɗan'uwanki,
Oding


Bandung, 19 ga Afrilu

Kang Oding,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwar Nini ta yi sauƙi tun da na ce hannunka ne, ka ji son kai.

Kaset ya iso. Na jira aka tashi aiki, na rufe ƙofar baya, na kwanta a kan buhunan wake na kunna. Kang, ban san yadda zan gaya maka ba. Gangata ta koma can nesa, jitarka tana gurnani a gaba, kogin yana shiga tsakaninmu yana fita. Akwai wani tsuntsu da ya yi kuka daidai inda ya kamata, ka gaishe shi. Rana tana shigowa ta hudojin kwano tana ratsa tururi, ni kuma ban san ko a Bandung nake ba ko a kan gumaguman nan naka. Barci ya sace ni. Na farka na ga Mang Karna tsaye a kaina da ludayi, ya ce, "Wa ake yankawa a cikin rediyon nan?" Na ce Oding ne yake waƙa. Ya ɗan saurara ya ce, "To yunwa yake ji." Amma bai ce in kashe ba, ya tsaya har ƙarshe.

Ga kaset na bakwai. Na tsawaita ramin, na ƙirga goma sha shida a zuci ban taɓa komai ba. Naka ne, ka cika shi da abin da ka ga dama.

Na ce wa mai gashin tsintsiya ya riƙe mana wurinmu. Mai ajiye maka kan kifi kuma, wadda ba ta toshe kunne, ina gaishe ta. Shekararta nawa? Tambaya ce kawai.

Imas


Bandung, 8 ga Yuni

Kang Oding,

Sallama. Muna lafiya, in ka damu ka sani. Nini tana tambaya, na ce kogi ne ya ja baya jirage ba sa hawa. Ƙarya nake mata, don maƙwabciyarmu ta samu takarda biyu daga mijinta, shi ma a kan kogin nan yake.

Sati bakwai ke nan. Kullum mai kawo wasiƙu ya biyo a kekensa sai in fito hannu duk ruwan wake, har ya fara girgiza mini kai tun daga bakin layi. Ina buga Ruwan Tsami ni kaɗai. In na zo ramin sai in tsaya in ƙirga goma sha shida, babu komai a ciki sai ɗigar famfo. Jiya da rana na yi mafarki kana tsaye a kan gungume, kogi yana tafiya da kai da baya, kana buga jita amma ba sauti. Ban so mafarkin ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Imas


Kogin Barito, 24 ga Yuni

Neng Imas,

Wa'alaikumus salam. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. A gaishe da Nini da Mang Karna.

Ba zan zo a watan Oktoba ba. Ki nemi wani mai jita, Bandung cike take da su. Na daina wannan harka, hankalina ya koma wani wuri. Ga kaset ɗinki na mayar. Kada ki sake aiko wani.

Oding


Bandung, 14 ga Yuli

Oding,

Yau babu Kang, ba zan kira ka yaya ba. Sallamar ma don ta Allah ce. Nini lafiya, ban nuna mata takardarka ba, don ba taka ba ce.

Kana tsammani ban san rubutunka ba? Rubutun bahago, kwance kamar shinkafar da iska ta bi ta kanta, gefen hannu duk ya goge tawada. Wannan kuwa baƙaƙe ne masu ƙugu, a jere, kowanne da ɗan lanƙwasa a wutsiya. Hannun mace ne. Mai kan kifi ce ko? To Allah ya sanya alheri, wallahi da zuciya ɗaya. Ka auri huɗu ma in kwalekwale zai ɗauke ku, kowa ya san ba wannan ne tsakaninmu ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne shekara shida muna kiɗa tare, tun muna dukan bokiti, amma ranar da za ka kore ni ka kasa ɗaukar biro da kanka. Ka kishingiɗa kana yi wa wata shifta, tana rubuto mini wai ka daina wannan harka. Harka! Tsatsa ce harka?

Sai kaset. Na ɗauka nawa ka mayar, na kunna, ashe ɗauka ka yi. Ga gangata can nesa, ga kogi, ga ruwan sama a kan kwano, jita babu. Wato ka zauna ka ɓata batir don ka nuna mini yadda nake in babu kai. Na ji, na gode. Bayan minti biyu na kashe rikoda, na wurga kaset ɗin bayan buhuna.

Na bi shawararka na kira Deden, mai jar jita, wanda ya yi makarantar kiɗa. Mutumin kirki ne. Ya ce gangata tana riga lokaci, ya ji kaset ɗinmu ya ce lasifikarka ta lalace, na ce ai mu muka lalata ta. Da muka zo ramin ya zuba masa sauti sun fi ɗari, tsaf-tsaf, ko ɗaya bai karkace ba. Na ji kamar an share mini ɗakin da nake so da dattinsa. Na ɗaure masa awara ya tafi.

Ban ce wa mai gashin tsintsiya komai ba tukuna. Ba don kai ba, bakina ne ya ƙi.

Imas


Bandung, 17 ga Yuli

Kang Oding, Kang,

Sallama. Ban san wadda za ta riga isa ba, wannan ko waccan. In waccan ce ka yafe mini, ka hura wuta da ita.

Yau Mang Karna ya sa a kwashe buhuna, kaset ɗin ya faɗo. Na ce bari in ɗauki wani abu a kansa kada ya tafi a banza, sai kuma na ce to in ji shi sau ɗaya har ƙarshe. Na kai kunnena jikin rikoda. Kang, kana ciki. Ina jin numfashinka. Ina jin katakon jita yana gogar wandonka. Ruwan sama yana sauka, gangata tana tafiya, kai kana zaune dab da rikoda kana numfashi da ƙyar. Da aka zo ramin na ƙirga tare da kai. A na tara wani abu ya taɓa tsirkiya, sau ɗaya, sautin a toshe, kamar da tsumma aka taɓa. Ka ja iska ta haƙora. Sai muryar wata tsohuwa, wallahi tsohuwa ce, muryar har rawa take, ta ce, "Ya isa, ɗana. Za ka buɗe ɗinkin."

Na mayar na sake ji sau goma sha ɗaya. Ina zaune a ƙasa cikin ruwan wake ban sani ba.

Wane ɗinki? Wane hannu? Na san amsar, tunda ba kai ka rubuta ba, amma ina so ka faɗa. Nawa suka tafi, nawa suka rage? Kada ka ce mini lafiya. Tsoro nake ji, Kang, kuma kunyar abin da na rubuta ta hana ni cin abinci. Ka roƙar mini baiwar Allah mai rubutun ta yafe mini, ta rubuta duk abin da ka faɗa, har wanda ka ce kada ta rubuta.

Imas


Kogin Barito, 6 ga Agusta

Neng Imas,

Wa'alaikumus salam. Takardunki biyu a jirgi ɗaya suka iso, ta zagin muka fara buɗewa. Acil Norsiah ce ke rubutu, amaryar da kika ɗaura mini. Shekararta sittin da uku, jikokinta tara, ta koyar a firamare kafin a haife mu. Ta yi dariya har da zama a ƙasa, ta ce ta gode da ƙugun baƙaƙe.

Ba zan ce lafiya ba tunda kin hana. Rauni ya warke, zazzaɓi ya tafi. Hagu ne. Manuni da na tsakiya da mai bi masa sun tafi. Babba da ƙarami suka rage, suna kallon juna daga nesa kamar ni da ke.

Sha ɗaya ga Mayu ne, da hantsi. Kaset ɗinki ya kwana uku a wurina, ramin nan na goma sha shida yana cikin kaina. Ina tura katako wajen zarto, aikin da na yi sau dubu. Sai na ji shi, Neng. Abin da zan sa a ramin ya zo gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, wani ne ke rera mini shi daga ƙetaren kogi. Yatsuna suka fara danna shi a jikin katakon, sun ɗauka wuyan jita ne. Idona a buɗe amma ba na wurin. Katako yana tafiya, yatsuna suna kansa suna kiɗa. Ba laifin inji ba ne, ba na kowa ba.

Abin da ya sa na ɓoye ke nan. Na san ki, za ki ce ke kika tsawaita ramin. Ni na roƙa, ki tuna. Na gwammace ki tsane ni da ki ɗora wannan a kanki.

Kaset ɗin ban yi niyyar ki ji shi ba. Gwadawa na yi in ga ko yatsa ɗaya zai iya, bai iya ba. Na ce wa Acil ta mayar miki da naki, ta saka wancan. Ta ce kuskure ne, duk kaset kamarsu ɗaya. (Ba kuskure ba ne, 'yata. Norsiah.)

An ba ni gadin gadar jirage. Ina zama ina kallon gumagumai suna wucewa. Waƙar tana nan a kaina kullum, cikakkiya, yatsun da suka san ta kuma suna binne a bayan ɗakin girki. Wani lokaci ina jin su suna dannawa. Ki ba Deden wurina, kada Tsatsa ta rasa minti ashirin ɗinta saboda ni. Nini kuma ki bar ni in gaya mata da bakina, in na samu ƙarfin zuwa.

Oding


Bandung, 25 ga Agusta

Kang Oding,

Sallama, da gaisuwa ga Acil Norsiah, uwata ta kan kogi, Allah ya ƙara mata irin wannan kuskure. Nini lafiya, ban faɗa mata ba. Mang Karna na faɗa wa, ya shiga ɗakin wake ya daɗe, ya fito ya ce hayaƙi ne ya shigar masa ido.

Na yi abin da ka ce zan yi. Kwana shida ban taɓa sanda ba, ina cewa ni na haƙa ramin. A na bakwai ina zuba kecap a kan shinkafa, kwalbar ta zo ƙarshe, ina bubbuga gindinta, sai na tsaya da ita a hannu har shinkafar ta huce.

Ka buɗe ƙyallen da na haɗo da takardar nan a hankali. Wuyan kwalba ne, irin ta bikin Teh Nining, girma ɗaya. Ba sai na auna ba, dangi kaf sun shaida ya kama ƙaramin yatsanka na hagu daidai. Na ɗaura zaren da na jiƙa a kananzir, na kunna, na tsoma a ruwan sanyi. Huɗu suka fashe, ta biyar ta yanke tsaf. Kwana biyu ina goga bakin a dutsen wasa wuƙar Mang Karna, na gwada a leɓena, ba ya yanka. Mutanen gidan nan a kwano za su ci kecap har ƙarshen shekara.

Deden ya yi rana a ƙarshe. Ya ce ka sassauta tsirkiya, ka ɗaure su yadda in ka kaɗa duka shidan a sake za su yi murya ɗaya. Ya zana maka a bayan takardar nan. Daga nan babu sauran dannawa, ka ɗora gilashi ka ja. Hannun damanka yana nan, maƙogwaronka yana nan, kuma da ma can wuri ɗaya kake dannewa minti shida, kada ka yi mini fankamar gwani.

Na san abin da ya zo maka a bakin zarto ba zai fito yadda ka ji shi ba. Wani abu dabam zai fito, karkatacce. Yaushe Tsatsa ta taɓa yin abu miƙaƙƙe? Deden ba zai hau da ni ba. Ko kai, ko in je in ce wa mai gashin tsintsiya ya ba wasu, kuma ranar zan mayar wa Mang Karna durom ɗinsa ya jiƙa wake. Talatin ga Satumba mai gashin tsintsiyar zai kai fosta wajen bugawa. Kaset na bakwai yana wurinka, tunda Acil ba ta mayar ba. Ramin yana nan yadda ka bar shi.

Mai gangarka,
Imas


Kogin Barito, Juma'a, 13 ga Satumba

Neng,

Salam. Ni ne da kaina. Hannun dama ne, ki yi haƙuri da baƙaƙen, tun hantsi nake fama da su. Ki ce wa Nini abin da ta nema shekara ashirin ya samu. A'a, kada ki ce, ina zuwa.

Kwana huɗu ban taɓa wuyan kwalbar ba. Kullum Acil ta ajiye shi kusa da kwanona. Yau da sassafe na sauka gada. Hazo ya rufe kogi. Na ɗaure tsirkiya yadda Deden ya zana, na kunna ki, na zura yatsa.

Da farko kamar ana jan kujera a siminti. Birai ma ba su amsa ba. Na ci gaba. Da muka zo ramin ban nemi waccan waƙar ba, ta tafi da masu ita. Na ɗora kwalbar a ƙasan tsirkiya na ja ta sama a hankali, duk goma sha shidan, ja ɗaya. Neng, ta yi kuka. Ta bi kan ruwa ta shige hazo, mai tsaye a kan gumagumai ya juyo yana neman wanda ke kiransa. Sannan gangarki ta dawo ta same ni a can sama. Ni ma na yi kuka. Yana cikin kaset ɗin, kada ki gyara.

Mummuna ne. Ya fi duk abin da muka taɓa yi muni. Wannan karon ki ji shi har ƙarshe.

Kwalekwale yana tashi da la'asar, Allah ya sa takardar nan ta riga fosta. Ni na ranar biyar ga Oktoba zan biyo. Ki rubuta sunana.

Wani abu kuma. Yatsan ya ɗan kumbura, kwalbar ta ƙi fita tun safe. Ga Acil nan tsaye a kaina da man kwakwa. Na ce ta mayar da shi ɗakin girki.

Oding,
mai jitar Tsatsa